Ba a San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare: Kokawar Gem ɗin Hannu a Kasuwa

Duk lokacin da kaka ta yi, manomi ya kai amfanin gona kasuwa, 'yan kuɗi suka shigo hannu, Kirsimeti da sabuwar shekara kuma suka gabato, akwai wata rigima da takan tashi a gidaje da yawa. A da rigimar sabon ɗinki ce da takalmi. Yanzu kuwa sai yaro ya tsaya kai da fata a kan sai an saya masa gem, watau 'yar na'urar nan ta wasa da ake riƙewa a hannu ana daddannawa. Hujjarsa ba ta wuce ɗaya ba: wai ita ake yayi, kowa ita yake nema, in ba a hanzarta ba za ta ƙare.

To, mai karatu, wannan hujja ba yara suka ƙago ta ba. Da ita manyan kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori suke talla. Da zarar sabuwa ta fito, sai a cika duniya da labarin dubban da aka sayar ranar farko, da hotunan mutanen da suka kwana a layi a ƙofar kanti. Saboda haka muka ga ya dace mu ɗauko karo uku da aka yi tsakanin waɗannan kamfanoni, mu ajiye cinikin makon farko a gefe ɗaya, mu ajiye lissafin ƙarshe a ɗaya gefen, domin iyaye su ga abin da ɗoki yake nunawa da abin da yake ɓoyewa.

KARON FARKO: MAI KALA DA MARAR KALA

A ranar 21 ga Afrilu 1989 ne kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a ƙasar Jafan ya fito da Game Boy. Wanda ya jagoranci aikin wani injiniya ne mai suna Gunpei Yokoi. Na'urar ba ta da wani kyan gani. Allonta ba kala, launinsa kore-kore, ba shi da fitila, in dare ya yi sai ka matsa kusa da haske. Duk da haka, guda 300,000 da aka fara fitarwa sun ƙare cikin mako biyu. Da ta isa Amurka a ƙarshen watan Yuli na shekarar, a kan dala 90, an sayar da 40,000 a rana ɗaya. A can an haɗa ta da wasan Tetris na jera tubala, wanda wani ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a birnin Mosko.

Ba a jima ba abokan hamayya suka sauko fili. Kamfanin Atari na Amurka ya fito da Lynx a watan Satumba 1989, mai allon kala da fitila, a kan dala 180. Sai kuma kamfanin Sega na Jafan ya biyo da Game Gear a ranar 6 ga Oktoba 1990. Ita ma kala ce, kuma ta shigo da ƙarfinta: an sayar da 40,000 cikin kwana biyu, 90,000 cikin wata guda, waɗanda suka ba da suna suna jiran kaya kuwa sun haura 600,000. Wanda duk ya ga wannan rububi zai ce kwanan marar kala ya ƙare.

Amma akwai lissafin da mai talla ba ya yi wa mai saye, watau lissafin batir. Game Boy ƙananan batura huɗu take ci, irin na agogon bango, kuma su kai ta awa 15 ko fiye. Game Gear kuwa shida take ci, kuma da ƙyar su wuce awa 5. Ke nan wasan awa 15 da batura 4 za su ɗauka a wannan, sai an kashe batura 18 a waccan. Lynx ma haka take da haɗama. Bugu da ƙari, Game Gear ta fi tsada da dala 60 a Amurka. Uban da ya saya wa ɗansa mai kala yakan yi murna rana ɗaya, daga nan sai ya zama kullum yana hanyar kanti.

Shi Yokoi da gangan ya zaɓi tsofaffin kayan haɗi masu araha waɗanda aka daɗe da sanin halinsu. Wannan ya sa na'urar ta yi ƙwari. Akwai wata da wuta ta babbake a lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, amma ta ci gaba da aiki, har aka yi shekaru ana nuna ta a kantin kamfanin da ke birnin New York. A 1996 kuma, shekara bakwai bayan fitowarta, wasan Pokémon ya sake farfaɗo da kasuwarta. Da aka tashi lissafi, Game Boy da ƙanwarta mai kala ta 1998 sun kai miliyan 118 da ɗoriya. Game Gear ta tsaya a miliyan 10 da 'yan kai, aka daina ƙera ta a 1997. Lynx ko kusa da haka ba ta je ba.

KARO NA BIYU: SONY TA SHIGO

Shekara 15 bayan haka aka sake ɗaura ɗamara. Nintendo DS, mai allo biyu, ta fito a Amurka ranar 21 ga Nuwamba 2004 a kan dala 150, aka sayar da wajen 500,000 a makon farko. Kamfanin Sony, wanda ya riga ya yi suna da PlayStation ta talabijin, ya mayar da martani da PSP a Jafan ranar 12 ga Disamba 2004. Guda 200,000 aka kai kantuna, kusan duka suka tafi nan take. A Amurka, a watan Maris 2005, duk da cewa kuɗinta dala 250 ne, an sayar da fiye da 500,000 cikin kwana biyu kacal.

Inda abin ya fi ba da mamaki shi ne Ingila. A can DS ta buɗe kasuwa da 87,000. Da PSP ta iso a farkon Satumba 2005 sai ta buɗe da 185,000, watau ta ninka ta har da ƙari. Ga babban allo, ga kiɗa, ga kallon fim. Masu sharhi da dama suka ɗauka sarauta ta bar gidan Nintendo.

Abin da ya faru daga baya shi ne, DS ta je ta nemo masu saye a inda ba wanda ya zata. Ta fito da wasan kiwon ɗan kwikwiyo, da wasan lissafi na wasa ƙwaƙwalwa, sai ga iyaye mata da dattawa, waɗanda ba su taɓa riƙe gem ba, suna saye. Ta fi araha, cajinta ya fi daɗewa, kuma tana naɗewa kamar littafi, allon ba ya saurin fashewa a aljihun yaro. Ƙarshenta DS ta kai miliyan 154, PSP kuwa wajen miliyan 80. Ba za a ce PSP ta faɗi ba, domin miliyan 80 ba wasa ba ne. Sai dai wadda ta ninka abokiyarta a makon farko a Ingila, ita aka kusan ninkawa a duniya baki ɗaya.

KARO NA UKU: KUSAN KUNNEN DOKI

A 2011 magadansu suka kara. Nintendo 3DS ta fito a Jafan ranar 26 ga Fabrairu, ta sayar da wajen 371,000 cikin kwana biyu. PlayStation Vita ta Sony ta fito ranar 17 ga Disamba, ta sayar da fiye da 320,000 cikin kwana biyu. In da nan aka tsaya, sai a ce kusan kunnen doki aka yi.

Amma kowacce ta yi tuntuɓe bayan ɗokin farko. Kasuwar 3DS ta yi sanyi har kamfanin ya rage kuɗinta daga dala 250 zuwa 170 a watan Agusta, ba ta ko cika wata shida ba, shugaban kamfanin, Satoru Iwata, kuma ya zabge rabin albashinsa. Wannan ragi da sababbin wasanni suka tashe ta. Ita kuwa Vita, a mako na biyu cinikinta ya faɗo ƙasa da 80,000, kuma ba ta sake miƙewa sosai ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kore mata masu saye shi ne katin ajiyarta na musamman ne, mai tsada, wanda ba ya shiga wata na'ura, na wata kuma ba ya shiga tata. An daina ƙera Vita a 2019, ana ƙiyasta ba ta kai miliyan 20 ba. An daina ƙera 3DS a 2020 tana da kusan miliyan 76.

DON ME RANAR FARKO TAKE RUƊI?

Dalili na farko, kalmar "kaya sun ƙare" ba ta faɗin komai sai an san nawa aka kawo. Ɗan kasuwar da ya kawo buhu biyar na taki kasuwar Batsari ya sayar kafin azahar, bai fi wanda ya kawo buhu ɗari ya sayar da sittin ciniki ba, ko da yake shi ne zai yi ta shelar kayansa sun ƙare. Na biyu, masu kwana a layi 'yan ga-ni-kashe-ni ne, waɗanda ko nawa aka ce za su biya. Ba su ne jama'a ba. Jama'a su ne iyayen da za su zo bayan wata shida, su juya kayan, su tambayi kuɗin batir da na wasanni. Na uku, kamfanoni sukan auna fitowar kayansu da ƙarshen shekara, lokacin da hannun mutane yake sake. Dubi DS da PSP da Vita, duk a Nuwamba ko Disamba suka fara fitowa.

MU FA A NAN GIDA?

In aka tambaya wace ce a cikinsu ta ci kasuwa a Darini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, amsar ita ce babu ko ɗaya. Lissafin a fili yake. A 1989 dala ɗaya tana wajen naira 7 da 'yan kwabbai, watau kuɗin Game Boy ya haura naira 650, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 125 ne a wata. Albashin wata biyar ke nan bai saye ta ba. Kuma tazarar ba ta ragu ba. A watan Yuni 2025 Nintendo Switch 2 ta sayar da miliyan 3 da rabi cikin kwana huɗu a kan dala 450, wanda a canjin lokacin ya kusa naira 700,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Albashin kusan wata goma ke nan.

Wadda ta iso hannun yaranmu a shekarun 1990 ita ce 'yar gem ɗin tubala ƙirar ƙasar Sin, wadda ake kira Brick Game, mai ɗauke da rubutun wai wasa 9999 ne a cikinta, alhali 'yan wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa da sauri daban-daban. Ba ta da ranar buɗe kasuwa, ba wanda ya kwana a layi dominta. Cikin kayan 'yan tireda da 'yan koli ta biyo, tare da tocila da rediyo. Ta samu karɓuwa ne da irin dalilin da ya ɗaga Game Boy: batura biyu sun ishe ta, kuɗinta bai fi ƙarfin talaka ba, kuma ba ruwanta da wutar lantarki.

Bayan zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, sai wasan maciji na wayar Nokia ya karɓe fagen, daga baya manyan wayoyi suka zo da nasu wasannin. Amma a nan ma ƙasarmu ta yi nata hukuncin. A watan Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Batsari da Safana, duk wasan da ba ya tashi sai da intanet ya zama hoto. Wanda ya rage yana aiki shi ne mai sauƙin nan da ba ya bukatar komai sai caji.

SHAWARA GA IYAYE

Ba muna cewa wasa laifi ba ne. Yaro yana bukatar wasa, kamar yadda iyayensa suka yi langa da dara a dandali. Abin da muke cewa shi ne, kuɗin kaka sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma a cikinsu ne kuɗin makaranta da na taki da na magani suke. Kafin ka sa hannu a aljihu, ka yi wa mai kaya tambayoyin da kasuwar duniya ta yi wa Sega da Sony. Me take ci, batir ko caji, kuma awa nawa take kaiwa? Wasannin suna ciki, ko sai an sake saye? In ta lalace, akwai mai gyara a Katsina ko Dutsin-Ma, ko sai jefarwa? In ta gwanjo ce, a kunna ta a gabanka, a bar ta ta ɗan jima, domin batirin tsohuwar na'ura shi yake fara mutuwa. A kuma lura da jabu masu ɗauke da sunan babban kamfani a kwali kawai.

In yaro ya ce maka za ta ƙare, kada ka tsawata masa. Zaunar da shi ka ba shi labarin Game Gear da mutum 600,000 da suka yi ta jiranta, ku yi lissafin batura 18 da batura 4 tare. Ka ce masa ku dakata zuwa bayan biki ku gani. Kayan kirki ba ya ɓacewa daga kasuwa cikin wata ɗaya, sau da yawa ma kuɗinsa sauka yake yi, kamar yadda masu haƙuri suka samu ragin dala 80 a kan 3DS. Wanda kuma ya ɓace cikin wata ɗaya, to, Allah ne ya tsare maka kuɗinka.