Kafin Ka Buɗe Wurin Jinya a Matsinkai

Kana son buɗe wurin jinya a Matsinkai da zai haɗa maganin gargajiya, abinci mai gina jiki da maganin asibiti? To, fara tanadar kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya gano kusan rabin yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar na ɗauke da ƙwayar cutar, fiye da kowace jiha. Da ɗigon jini, cikin minti 20 ka san amsa. Zogale da kunun gyaɗa suna gina jiki, amma ba sa kashe ƙwayar, sai maganin ACT. Yaron da ya fara jijjiga ko ya kasa shan ruwa kuwa, kada ka riƙe shi, tura shi asibitin Bagudo nan take.