Rumbun da makullinsa ke hannun wani

A kasuwar hatsi ta Dandume, ko a shagunan taki da iri na Funtua da Malumfashi, rabin arzikin ɗan kasuwa yana cikin littafin bashi: wa ya ɗauki buhu nawa da damina, wa zai biya da masara idan kaka ta yi. Masana fasaha suna ba da shawarar a kwashe wannan lissafi a zuba a rumbun intanet, wato manyan kwamfutocin wani kamfani da ke can nesa, waɗanda mutum ke ajiya a cikinsu ta wayarsa. Amfanin a fili yake: gara ba ta ci, gobarar kasuwa ba ta ƙonawa, ko waya ta ɓace lissafi yana nan. Duk da haka littafi bai sauka daga kan teburi ba.

Wasu kan ɗora laifin a kan ƙarancin boko da tsoron sabon abu. Wahalar tsabar kuɗi ta farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ta ƙaryata wannan zance. Cikin makonni dillalai da mahauta suka rungumi POS da tiransifa, sunayen OPay da Moniepoint suka shiga bakin kowa, alhali duk kuɗin da ya shiga ta nan a irin wancan rumbu ake rubuta shi. Ashe ɗan kasuwa ba ya gudun fasaha matuƙar ta cire masa ƙaya.

Matsalar ta amana ce. A watan Satumban 2021, saboda 'yan bindiga, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtua, Bakori da Malumfashi. Ka ƙaddara lissafinka duka yana intanet a ranar: rumbu naka, makulli a hannun wani. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Ga wutar KEDCO da ba a yin alkawari da ita, ga ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Sannan a yankin da sanin abin da mutum ya mallaka kan jawo masa baƙin dare, tambayar “wa ke iya ganin lissafina?” batun rai ne. An kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma sai mai shago ya ga tana hukunta wani kafin ya saki jiki.

Za a iya cewa littafi ma yana ɓata, kuma gaskiya ne. Sai dai hasarar littafi abu ne da ɗan kasuwa ya san yadda zai tsare. Saboda haka manhajar da za ta karɓu a wannan yanki ita ce mai aiki ko babu sabis, ta aika ajiya idan ya dawo, mai jin Hausa, mai cin data kaɗan, kuma mai wakili a cikin kasuwa wanda za a iya riƙe wa riga idan lissafi ya rikice.