Motsa jiki: Me ya sa yawan zama ke cin lafiyar ɗan Adam?

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai uku a duniya ba ya motsa jikinsa gwargwadon yadda lafiyarsa take bukata.

A wasu alƙaluma da ta fitar a watan Yunin 2024, hukumar ta ce a shekarar 2022 mutane kimanin biliyan 1.8, wato kashi 31 cikin 100 na baligai, ba su kai mizanin da likitoci suka gindaya ba. Matsalar ta fi yawa a tsakanin mata, inda ta shafi kashi 34 cikin 100, yayin da ta shafi kashi 29 na maza.

Ƙasashen Afirka kudu da Sahara na daga cikin yankunan da lamarin bai yi tsanani ba, domin har yanzu akasarin jama'a da ƙarfin jikinsu suke neman abinci. Sai dai rayuwar birane tana sauya wannan cikin sauri.

A birane irin su Kano da Kaduna da Yamai, tafiyar da a da ake yi a ƙafa yanzu babur ko A Daidaita Sahu ake hawa. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da taɓarya a gidaje da dama. Ma'aikacin ofis, da tela, da direba, da mai shago, duk sukan wuni a zaune, sannan su koma gida su sake zama gaban talabijin ko wayar salula.

Direbobi da kwandastoci

Binciken da ya fara tabbatar da illar yawan zama an yi shi ne a birnin Landan. A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya wallafa sakamakon nazarin da ya yi kan ma'aikatan sufurin birnin su kimanin 31,000.

Direbobin bas-bas masu hawa biyu suna wuni ne a kan kujera, yayin da kwandastoci suke hawa da saukar matakala ɗaruruwa a kowace rana domin karɓar kuɗin mota. Mutanen suna aiki a mota ɗaya, kuma rayuwarsu kusan iri ɗaya ce, amma an gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin hallaka su.

Morris ya sake ganin irin wannan bambanci tsakanin masu rarraba wasiƙu a ƙafa ko a keke da takwarorinsu da ke zaune a ofis. Shi kansa ya riƙi motsa jiki har tsufansa, kuma ya rasu a 2009 yana da shekaru 99.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Zuciya tsoka ce, kuma kamar sauran tsokoki, aiki ne ke ƙara mata ƙarfi. A 1966 masu bincike a birnin Dallas na Amurka sun kwantar da wasu samari biyar masu ƙoshin lafiya a gado har tsawon makonni uku. Da suka tashi, an tarar ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Bayan shekaru 30 an sake auna mutanen biyar, sai aka ga cewa makonni ukun nan na kwanciya sun fi raunana zuciyarsu fiye da yadda shekaru talatin na girma suka yi.

Tsoka kuma ita ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci. Idan tana aiki, takan janye sukarin ko da sinadarin insulin bai wadata ba. Wannan ne ya sa ake shawartar masu ciwon sukari su ɗan taka na mintoci 10 zuwa 15 bayan sun ci tuwo ko shinkafa, maimakon su kishingiɗa nan take.

Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2002, ya bi diddigin mutane fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora kan motsa jiki na mintoci 150 a mako tare da rage ƙiba kaɗan, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka bai wa maganin metformin kuwa, nasu ya ragu ne da kashi 31.

Hakazalika, tsokar sha-raɓa tana taimakawa wajen tura jini daga ƙafafu zuwa zuciya a duk lokacin da mutum ya yi taku. Shi ya sa ƙafa kan kumbura bayan doguwar tafiya a mota ko a jirgin sama. Guringuntsin gaɓoɓi da 'yan fayafayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya su ma ba su da wadatattun jijiyoyin jini, saboda haka motsi ne ke taimaka musu wajen samun abin da suke rayuwa da shi daga ruwan da ke kewaye da su.

Nawa ne ya wadatar?

Ƙa'idojin da WHO ta fitar a 2020 sun ce baligi yana bukatar mintoci 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko kuma mintoci 75 zuwa 150 na mai tsanani. Mafi ƙarancin wannan shi ne rabin sa'a a rana, kwana biyar a mako.

Hanya mai sauƙi ta gane matsakaicin motsi ita ce mutum ya ji numfashinsa ya ƙaru, amma yana iya magana da abokin tafiyarsa. Tafiya da sauri, da tuƙa keke, da shara, da jan ruwa a rijiya duk sun shiga ciki. Idan kuwa bai iya furta fiye da kalmomi kaɗan ba sai ya ja numfashi, kamar a gudu ko ƙwallo ko kokawa, to ya shiga mai tsanani.

Ƙa'idojin sun kuma bukaci a yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla sau biyu a mako. Yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar kimanin mintoci 60 a kullum. Waɗanda suka kai 65 kuwa ana so su ƙara da atisayen da ke hana tangaɗi sau uku a mako, kamar tsayawa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, ko tashi daga kujera a koma ba tare da dafa hannu ba. Dalili shi ne faɗuwa na daga cikin manyan abubuwan da ke kwantar da tsofaffi, musamman idan ƙashin ƙugu ya karye.

Ba dole ba ne a yi rabin sa'ar a lokaci guda. Mintoci goma da safe, goma bayan La'asar, goma bayan Isha'i, duk lissafi ɗaya ne.

Game da taku 10,000 da wayoyin zamani ke ƙirga wa mutane, asalin adadin ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Wani kamfanin Japan ne ya sanya wa na'urarsa ta ƙirga taku suna mai ma'anar taku dubu goma a 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo. Wani nazari da masana na jami'ar Harvard suka wallafa a 2019 kan tsofaffin mata fiye da 16,000 ya nuna cewa masu yin taku 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500. Ma'ana, wanda ba ya motsi ko kaɗan shi ne ya fi kowa cin ribar ɗan abin da ya fara.

Zama, tsayuwa da ciwon baya

WHO ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane gudanar da harkokinsu. Ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 a 2050.

An daɗe ana koya wa mutane cewa akwai wani zama guda da ya dace, wato a miƙe sambal kamar soja. Binciken baya-bayan nan bai goyi bayan haka sosai ba. Abin da ya fi cutarwa shi ne daɗewa a yanayi guda, kowane iri ne, domin tsokar da aka ƙure takan gaji ta sandare. Saboda haka ake ba da shawarar a riƙa tashi bayan kowane mintoci 30 zuwa 60, a miƙe, a ɗan taka.

Duk da haka akwai gyare-gyaren da ke rage wahala. Mai aiki da kwamfuta ya ɗaga fuskarta ta yi daidai da idonsa, tafin ƙafarsa ya zauna a ƙasa, bayansa ya jingina. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo biyar, kuma gwargwadon sunkuyar da shi kan waya, gwargwadon aikin da tsokar wuya da kafaɗa ke yi. Ɗaga wayar sama kaɗan yana sauƙaƙa wannan. Direba ya matso da kujerarsa yadda gwiwarsa za ta ɗan lanƙwashe, ya kuma cire walat daga aljihun baya.

Ga mata, yawan duƙe na iya jawo ciwon baya: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a ƙasa, da girki a murhu. Sanya wa tsintsiya dogon mariƙi, da ɗora bahon wanki a kan benci, da zama a kujerar tsugunno maimakon duƙawa, ƙananan abubuwa ne masu babban tasiri. Wajen ɗaukar kaya kuma, a matso da kayan kusa da jiki, a lanƙwasa gwiwa, kada a murɗa ƙugu ana ɗauke da nauyi. Jarka biyu masu matsakaicin nauyi, ɗaya a kowane hannu, sun fi guda mai nauyi a gefe ɗaya.

Manomi da ɗan dako da lebura ba ƙarin motsi suke bukata ba. Matsalarsu maimaita aiki guda ne na sa'o'i masu yawa, don haka abin da ya fi amfanar su shi ne hutu a tsakanin aiki, da sauya hannu, da shan isasshen ruwa.

A ƙa'idojin da ta fitar a watan Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, WHO ta ba da fifiko ga atisaye da wayar da kan majiyyaci. Ta kuma yi kashedi kan dogaro da ɗamarar ƙugu da magungunan kashe zafi masu sa maye, rukunin da tramadol yake ciki. Yawan shan diclofenac ko ibuprofen ba tare da umarnin likita ba kuma yana iya taɓa ƙoda, ya kuma haddasa gyambon ciki.

Ibada, azumi da yanayi

Musulmi yana da wata dama da tsarin rayuwarsa ya ba shi. Salloli biyar suna katse doguwar zama sau da dama a wuni, kuma ruku'u da sujada suna motsa baya da ƙugu da gwiwa. Wannan bai kai ya maye gurbin mintoci 150 ɗin ba, tun da bugun zuciya ba ya ƙaruwa sosai, amma wanda ya taka zuwa masallaci mai nisan mintoci biyar, zuwa da dawowa sau biyar, ya samu tafiyar mintoci 50 a rana.

Maniyyata aikin Hajji su ma suna da dalilin fara shiri da wuri, domin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar Mina.

A watan Ramadan, an fi son a yi motsa jiki mara nauyi gab da buɗe baki, ko kuma a jinkirta mai nauyi sai bayan an sha ruwa da sa'a ɗaya ko biyu. A lokacin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Maiduguri da Sakkwato, bayan Asuba ko gab da Magariba ne lokacin da ya dace. A ranakun da hazon hunturu ya yi kauri, masu asma su yi nasu a cikin ɗaki.

Matan da ba su cika fita ba suna iya zagaya tsakar gida, ko tsallen igiya, ko hawa da saukar dandamali. Mai juna biyu ma ana son ta samu mintoci 150 a mako, matuƙar ma'aikatan awo ba su hana ta ba.

Barci, gishiri da awon jini

Motsa jiki ba ya cika amfani idan sauran al'amura sun lalace. Baligi yana bukatar barcin sa'o'i bakwai ko fiye, kuma hira ko latsa waya har tsakar dare ga mai tashi da Asuba yana nufin bashin barci a kullum.

WHO ta ce kada gishirin da baligi ke ci a rana ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin wannan lissafi. A rahotonta na 2023, hukumar ta ce mutane kimanin biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Cutar ba ta cika nuna alama ba sai ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, don haka awo ne kaɗai ke bayyana ta.

Lokacin da ya kamata a ga likita

Duk wanda ke da ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko ciwon sukari, ya nemi shawarar likita kafin ya fara atisaye mai nauyi. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi yana cikin motsa jiki, ya dakata nan take ya nufi asibiti.

Haka nan ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko zazzaɓi da rama, ba na tausa ko ɗori ba ne. Yana iya zama alamar danne jijiya ko tarin fuka da ya kama ƙashin baya, kuma jinkiri kan iya jawo nakasa.

Ga sauran jama'a kuwa, shawarar masana ita ce a fara da kaɗan, ko da tafiyar mintoci goma ce a rana, a riƙa ƙarawa mako bayan mako har jiki ya saba.