Kududdufin da Ɗan Kwangila Ya Bari: Wa Ke Sa Ido Idan Ana Shimfiɗa Titi?

Matafiyin da ya bi manyan titunan Arewa da damina, in ya ɗauke ido daga kwalta ya dubi gefe, zai riƙa cin karo da wasu manyan ramuka cike da jan ruwa. Gefensu a tsaye yake kamar an yanka da wuƙa, ba ciyawa, ba shinge, ba allon gargaɗi. Yara na tsalle a ciki, mata na wanki a baki, shanu na gangarawa da ƙyar su sha. Mutanen ƙauyen sun san ranar da aka fara haƙa ramin, sun san launin motocin da suka kwashe ƙasar, kuma a wurare da dama sun san sunan yaron da ruwan ya ci.

Waɗannan kududdufai aikin titi ne ya haife su. Titi ba ya zama a kan ƙasar gona. Sai an ɗaga shi da jar ƙasa da burji an daddanne. Lissafin ba wuya: a ɗauki kilomita ɗaya mai faɗin mita 25, a ce za a ɗaga shi mita ɗaya kacal. Ƙasar da zai ci ta kai sawun tifa 2,500, in kowace tifa tana ɗaukar mita goma na awon cika. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, wanda aka ba da kwangilarsa a ƙarshen 2017, tsawonsa kilomita 375 ne. Duk wannan ƙasa daga gonar wani ko makiyayar wani take fitowa. Abin tambaya shi ne wa ke da alhakin duba yadda aka ɗebe ta, da yadda aka bar wurin bayan motoci sun tashi.

Doka ta ba da amsa tun tuni. A 1988 aka gano dubban durom na guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Abin kunyar ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a wannan shekarar, sannan a 1992 ta fitar da doka mai lamba 86, wadda ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Manyan titunan ƙasa suna cikin jerin ayyukan da ba makawa sai an yi musu wannan nazari. Yau Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke karɓar rahoton ta amince ko ta ƙi, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 kuma ita ke bin diddigin cika ƙa'ida.

Aikin hawa uku ne, kuma mutane kan cuɗa su. Nazari ana yin sa kafin katafila ta sauka: masana su zagaya hanyar, su auna iska da ruwa da ƙasa, su ƙirga gidaje da gonaki da itatuwan da za a taɓa, su rubuta alkawuran da mai aiki zai cika. Sa ido kuwa aiki ne na yau da gobe, tun daga ranar da aka fara share daji har ranar da aka buɗe titi. Daga nan sai odita ya zo, mutumin da ba ya cin albashin ɗan kwangila, ya ajiye takardar alkawari a hannu ɗaya, abin da ya gani da idonsa a ɗaya hannun, ya gwada su. A Najeriya hawa na farko ne ya fi samun kula, domin sai da takardarsa kuɗi ke fitowa. Na biyu da na uku su ne marayu, alhali a nan ne lafiyar mutanen gefen hanya take.

Ranar jami'in sa ido takan fara ne da ƙura. Inda tifofi ke zirga-zirga a kan hanyar wucin gadi da aka karkatar ta tsakiyar ƙauye, ƙura na sauka a kan tsiren mai nama, da garin da aka shanya, da allon almajiri, da huhun jariri. Jami'in na ɗauke da ƙaramar na'ura mai auna ƙananan ƙwayoyin ƙurar da ido ba ya gani. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce irin ƙurar da ake kira PM10 kada ta wuce maikirogiram 45 a kowace mita ta awon iska cikin yini guda. Maganin da aka saba alkawartawa mai sauƙi ne: tankar ruwa ta riƙa yayyafa hanya, a rufe bayan tifa da tamfol, direbobi su rage gudu a cikin gari. Amma rubuta "sau uku a rana" a takarda ba ya jiƙa ƙasa. Sai an duba littafin direban tanka, an kuma tambayi mai shayin bakin hanya ko yaushe rabonsa da ganin tankar.

A Arewa akwai wata sarƙaƙiya. In hunturu ya kama, hazo kaɗai ya isa ya haura wancan ma'auni, ɗan kwangila kuma sai ya ce ba shi ba ne, daga Sahara ta taso. Shi ya sa awon farko yake da muhimmanci ƙwarai. Ana so a auna iska da ruwa a rani da damina tun kafin a fara aiki, domin a san abin da aka tarar da abin da aikin ya ƙara. Haka ake yi wa rafi: kwalba ɗaya daga saman inda ake gina gada, ɗaya daga ƙasa, a kai ɗakin gwaji. In ta ƙasa ta fi laka ko ta nuna alamar man inji, ba sauran musu. Haka kuma gidajen da ke kusa da wurin fasa dutse: a ɗauki hoton bangonsu kafin a tayar da nakiya ta farko, in ba haka ba ranar da tsaga ta bayyana, magidanci ba shi da hujja sai rantsuwa.

Sauran abubuwan dubawa suna da yawa. Ina ake zubar da baƙin mai daga garejin kamfani, a durom ko a rami kusa da rijiya? Injin dafa kwalta yana nesa da gidaje, ko hayaƙinsa na shiga ɗakunan kwana? An bar wa shanu mashiga inda titi ya yanke burtali?

Sai maganar ruwa, wadda ta fi kowace cin rai da dukiya. Titin da aka ɗaga, madatsa ce doguwa da aka gitta wa ruwan sama. In kwalbati ya yi ƙanƙanta ko an sa shi inda ba nan ruwa ya saba bi ba, gefe ɗaya sai ya zama tafki ya cinye gero da dawa, ɗaya gefen kuma ruwan da ke fita da ƙarfi ya sare ƙasa ya buɗe kwazazzabo. Wani lokaci titin da kansa ke tafiya. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na jihar Bauchi, matafiya suka koma zagaye mai nisa. Dattijon da ya shekara sittin yana noma a fadama ya san inda ruwa ke kwanciya a shekarar da aka yi mamako, kuma masanin da ya tsallake shi ya dogara da taswira kaɗai ya yi asarar shaida mafi arha da zai samu.

Ko wannan tsari yana da haƙora? Wani lokaci yana da su. A 2015 gwamnan Kuros Riba na lokacin, Ben Ayade, ya ɗauko aikin babban titi mai tsawon kilomita 260 da zai ratsa dazuzzukan da suka fi kowane yawan itatuwa a Najeriya, mazaunin wani nau'in goggon biri da ya kusa ƙarewa a duniya. A farkon 2016 gwamnatin jihar ta ƙwace filaye kilomita goma a kowane gefen hanyar. Al'ummar Ekuri da ke yankin da ƙungiyoyin kare daji suka tashi tsaye, Ma'aikatar Muhalli ta mayar da rahoton nazarin fiye da sau ɗaya saboda raunin da ke cikinsa. A 2017 jihar ta janye ƙwacen filayen, aka karkatar da hanya daga gandun dajin ƙasa, amincewar da ta samu kuma ta zo da sharuɗɗa 23. A Yuganda ma, Bankin Duniya ya soke tallafin da yake ba wani aikin tituna a watan Disambar 2015 bayan koke-koke daga mutanen hanyar Kamwenge zuwa Fort Portal cewa ma'aikatan kamfani suna lalata da 'yan mata ƙanana. Tun daga nan halin ma'aikata a sansaninsu ya shiga sahun abin da masu ba da bashi ke bincika kamar yadda suke bincika ƙura da ruwa.

A dukkan misalan biyu mutanen gari ne suka fara ɗaga murya, hukuma ta biyo baya. Dalilin a fili yake. Mai aikin ne ke biyan masanin da ya rubuta nazari, jami'in muhalli na wurin aiki kuma sau da yawa ma'aikacin ɗan kwangila ne, kuma da wuya mutum ya rubuta rahoton da zai tsayar da albashinsa. Ga shi mafi yawan manyan tituna na gwamnati ne, wato hukuma ɗaya ce ake so ta tsawata wa 'yar uwarta. Hukuncin ma ya tsufa: dokar 1992 ta yanka wa kamfanin da ya saɓa tarar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, kuɗin da bai kai na man da injinan babban aiki ke sha a yini ba. Hayaniyar da ta biyo bayan fara titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba a 2024, inda masu suka suka dage cewa rusau ya riga kammala nazari, ta nuna har yanzu takarda na iya biyo bayan katafila.

Abin da ya fi tara tasiri shi ne kuɗin da ake riƙewa. A al'adar kwangila, akan ajiye wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an tabbatar aikin bai lalace ba. Da za a ce wannan kaso ba zai fita ba sai odita ya sa hannu cewa an gyara kowane rami, da labarin kududdufan ya sauya. Gyaran ma ba wani abin a zo a gani ba ne: a kwantar da gefen ramin yadda yaro ko saniya za su iya fitowa, a mayar da baƙar ƙasar saman da aka ture gefe tun farko, a dasa itatuwa. Kuma ba kowane rami ne mutane ke so a cike ba. A ƙasar da ruwa ke ƙarewa tun kafin bazara, wani kududdufin ya zama mashayar dabbobi, wani ana buga bulo a bakinsa, wani ana noman tumatir da shi. Odita nagari zai zauna da dagaci da ardo da matan unguwa, a yanke wanne za a cike, wanne za a gyara a kewaye.

Doka ta ba jama'a ƙofa ɗaya da ba a cika sani ba. Kafin a amince da rahoton nazari, ana ajiye shi na kwanakin aiki 21 a wuraren da aka sanar, galibi har da sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, domin kowa ya karanta ya kai ƙorafi a rubuce. Rahoton na zuwa da Turanci, shafi ɗaruruwa, sanarwar kuma a jaridar da ba ta isa ƙauye. Yanzu da aka fara titin da zai tashi daga Illela a jihar Sakkwato ya ratsa Kebbi da Neja har Badagry, sama da kilomita 1,000, ɗaruruwan garuruwa za su ga tifofi a gonakinsu. Malamin firamare ɗaya da zai je sakatariya ya nemi babin alkawuran, ya fassara wa mai unguwa inda za a haƙi ƙasa, da zurfin da aka yarda, da wanda aka ɗora wa mayar da ita, ya ba garinsu takardar da za su miƙa wa injiniya ranar da tifar farko ta juyo ta bayan makaranta.