Ko Kun Sani? Sirrin Kumfar Aski Yana Cikin Man Kaɗe

Man kaɗen da ake sayarwa a kasuwannin Wagadugu yana ɗauke da ainihin abin da ke sa sabulun aski mai tauri ya yi kumfa mai kauri. Sunansa sinadarin sitiyarik, kuma yakan kai kashi 40 cikin 100 na man. Na ƙasar Mossi, inda Wagadugu take, yana cikin waɗanda suka fi yawansa a Afirka ta Yamma, shi ya sa yake daskarewa ƙam, ba kamar na Yuganda mai ruwa-ruwa ba. Sabulun man kwakwa kumfarsa manya ce, nan da nan ta fashe. Ta sitiyarik kuwa ƙanana ce sitil, tana manne wa gemu har aska ta gama aikinta. Sai dai irin wannan sabulu ba ya narkewa da wuri. Don haka wanzami, ko mai aski a gida, ya fara jiƙa shi da ruwan ɗumi, ya yarfe buroshi, ya yi ta murzawa yana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. Ruwan rijiya mai zartsi yana kashe kumfa, saboda kalsiyam ɗin cikinsa na kama sabulun. Ruwan sama ya fi.