Araha Ba Ta Ado: Zaɓen Bindigar Farauta A Bakin Tafkin Kainji

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sanyin hunturu ya sauko, sai zancen farauta ya tashi a ƙasar Yauri. Daga Yelwa zuwa Wara ta ƙasar Ngaski, daga Shanga zuwa ƙauyukan da ke jere a bakin Tafkin Kainji, za a tarar maharba suna gyaran kayansu. A cikin masu wannan sha'awa har da ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta waɗanda aiki ya kawo su wannan yanki. Sun ga zabin daji suna gilmawa a kan hanya, sun ɗanɗana farfesun gada, sai kuma tunanin mallakar bindiga ya shiga ransu. Galibinsu irin wadda suke gani a hotunan maharban Turai da Amurka suke so, watau raifil mai sakata wadda aka ɗora wa madubin saiti. Tambayar da suke fara yi kuwa ita ce: wacce ce mai araha?

Tambayar ba ta da laifi, domin albashi ba ya ɗaukar almubazzaranci. Sai dai akwai tambayoyi uku da suka riga ta. Me doka ta yarda a riƙe? Wace dabba za a harba? A wane irin wuri za a yi harbin? Wanda ya tsallake waɗannan ya tafi kai tsaye wajen ciniki, mai yiwuwa ne ya saya wa kansa ɗauri ko baƙin ciki da kuɗinsa.

BINDIGA BA BAƘUWA BA CE A YAURI

Mutanen Yauri sun daɗe da sanin bindigar Turawa. A cikin 1806 Mungo Park ya bi ta Yauri a jirgin ruwa kafin ya halaka a Busa. Da Richard Lander da ƙanensa John suka iso a 1830 suna neman takardunsa, sai aka nuna musu wata bindiga mai baki biyu daga cikin kyautar da Park ya bar wa Sarki, har suka yi musayarta da tasu. Amma makaman da talaka ya dogara da su daban ne: baka da kibiya, da tarko, da bindigar toka wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda ake yi wa kirari da harba-ka-ruga. A kan ruwa kuwa Sarkawa da Gungawa suna da zago, mashin da ake fuskantar dorina da shi.

Zago bai zama tarihi ba tukuna. A watan Oktoba na 2024, bayan wata dorina ta kashe mutum a Yauri, Gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da umarnin a kashe ta, kuma da zago ne samarin masunta da manoma suka yi aikin. Masu kula da namun daji sun nuna takaici, domin dorinar da ta rage a Nijeriya kaɗan ce ƙwarai. Abin lura a nan shi ne, hukuma ce ta yanke shawarar. Tsoron dorina ba hujja ba ce ga wani ya ajiye babbar bindiga a ɗakinsa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na fari shi ne na makaman da aka haramta, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. A ciki akwai bindigogi masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, da raifil irin na soja, waɗanda dokar ta bayyana da awon bakinsu: milimita 7.62, da milimita 9, da .300 da .303 na inci. Kashi na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai, waɗanda Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasin ɗinsu: bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar iska, da raifil na farauta wanda awonsa ba ya cikin na soja. Kashi na uku shi ne na bindigogin toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

A nan ne mai neman araha ya kan faɗa rami. Raifil ɗin da suka fi yawa a kasuwannin Amurka, waɗanda ake yaba wa da sauƙin kuɗi, su ne masu awon .308 da .30-06. To, faɗin bakin waɗannan duka biyu milimita 7.62 ne, daidai da awon da dokarmu ta lissafa a cikin na soja. Haka kuma tsohuwar Lee-Enfield mai awon .303, wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1895, kuma 'yan sandan ƙasar nan suka daɗe suna saɓawa a kafaɗa. A wasu ƙasashe ita ce bindigar farautar mai ƙaramin ƙarfi. A nan kuwa wanda aka kama da makamin kashi na fari ba da izini ba, ɗaurin da zai sha ba zai kasa shekara 10 ba.

Dokar ta kuma hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta taɓa samu da laifin tashin hankali a cikin shekara 5 da suka wuce. Harsashi ma sai da izini, saye kuwa sai daga dillali mai rajista.

Har ila yau zamani ya ƙara tsananta al'amarin. Mutanen wannan yanki ba za su manta da ranar 17 ga Yuni, 2021 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Saboda yawaitar makamai a hannun jama'a, a watan Agusta na 2023 Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin ƙananan makamai. Don haka matakin farko ga mai niyya shi ne ya nufi hedkwatar 'yan sanda ta Birnin Kebbi ya ji inda maganar lasin ta kwana, tun bai taɓa ko kwabo daga ajiyarsa ba.

YADDA MAI SAKATA TAKE

An kira ta mai sakata ne domin ƙarfen da ke rufe bayan bututunta yana aiki kamar sakatar ƙofa. Maharbi ya ɗaga mariƙin, ya ja baya, kwanson da aka harba ya fita. Ya tura gaba, sabon harsashi ya shiga. Ya kwantar da mariƙin, ta kulle. Fasalin da kamfanin Mauser na Jamus ya fito da shi a 1898 shi ne yawancin maƙera suke bi har yau. Sassanta kaɗan ne, ba ta cika lalacewa ba, tana da sauƙin gogewa, shi ya sa ta fi sauran raifil araha da ƙarko. A cikin bututunta akwai tsagi mai murɗewa wanda ke juya harsashi kamar katantanwa, ya sa shi tafiya sak zuwa nesa.

Wanda ya sami lasin, kuma aka kawo masa wadda aka taɓa amfani da ita, sai ya duba abu huɗu. Ya cire sakatar ya leƙa bututun ta wajen haske, domin tsatsa a ciki ita ce mutuwar bindiga, kuma laimar bakin tafki tana saurin kawo ta. Ya tabbata sakatar tana kullewa tsam, makullin kunama kuma yana aiki. Ya duba katakon gindin ko da tsagewa. Sa'an nan ya gwada lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke cikin takarda. Bayan wannan ya tambayi ko ana samun harsashinta ta hanyar halal, gama bindigar da ba a samun harsashinta sanda ce kawai mai tsada.

WACE DABBA, A WANE WURI?

Manyan namun dajin da suka cancanci babban raifil, irin su gwanki da kanki da ɓauna, mafakarsu ita ce Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. An kafa shi a 1979 da aka haɗa gandun Borgu da na Zugurma, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340, yana cikin Jihohin Neja da Kwara, kuma farauta a cikinsa haram ce ɗungum. A waje da shi ma akwai Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar Gwamnatin Tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke gab da ƙarewa. Abin da maharbin Shanga ko Ngaski ya fi cin karo da shi bai wuce zomo da gyazbi da zabo da makwarwa da agwagwar ruwa ba, wani lokaci gada. Mai bin waɗannan da babban raifil, ɓarnar nama da ta kuɗi kawai zai yi.

Sai kuma maganar wuri, wadda ta fi kowacce nauyi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, da yawansu a bakin tafkin. Idan ruwa ya ja da baya, manoma su bi shi da shuka, Fulani su sauko da shanu, masunta kuma kullum suna kan kwalekwale. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudun da zai tare harsashin da ya kuskure. Ƙwayoyin bindigar tsuntsu aikinsu bai wuce mita 40 ba, kuma su kan zube ƙasa kafin mita 300. Ƙaramin raifil mai awon .22, wanda mutane ke rainawa, harsashinsa ya kan yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi. Na babban raifil ya kan wuce kilomita 3. Bugu da ƙari, harsashin raifil in ya bugi fuskar ruwa a karkace sai ya yi tsalle kamar dutsen da yaro ya wurga, ya nufi inda ba a aike shi ba. Mai harbin agwagwa a kan tafki da raifil yana caca ne da ran masuncin da bai gani ba.

Saboda haka ga yawancin masu sha'awa a wannan yanki, bindigar tsuntsu mai baki ɗaya ita ce ta fi dacewa, ita ce kuma ta fi sauƙin kuɗi. Wanda ya nace sai mai sakata, to, .22 ta ishe shi, muddin zai tsaya a kan tudu nesa da ruwa da ƙauye, ya kuma harbi abin da ke ƙasa wanda akwai gargada ko suri a bayansa.

MADUBIN SAITI

A jikin kowane madubi akwai lambobi biyu. Idan an rubuta 4 da 32, ma'anarsa yana kusanto da abu ninki huɗu, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 32 ne. Wanda aka rubuta wa 3 zuwa 9 da 40, ana murɗa shi a ƙara ko a rage kusantowar. Sabon shiga ya kan ɗauka mai babbar lamba shi ne gwani. Alhali kuwa yawan kusantowa yana tsuke filin da ido ke gani, ya kuma ƙara bayyana rawar hannu. Ga harbin mita 50 zuwa 70, mai ninki huɗu wanda ba a murɗawa ya wadatar, kuma da yake ba shi da sassa masu yawa, ya fi jure wa wahala.

Abin da ya kamata a kashe wa kuɗi shi ne madubin da aka toshe sosai, yadda raɓar asuba ba za ta sa shi hazo ba, ƙurar hunturu kuma ba za ta shiga ba, tare da ƙarafan ɗauri masu ƙarfi. Madubi mai kyau a kan sakwarkwataccen ɗauri, saitinsa zai goce bayan harbi kaɗan, ya riƙa raunata dabba ta gudu ta mutu a banza. Akwai kuma ƙa'ida guda wadda ba ta da togiya: ba a leƙen abin da ke motsi a cikin ciyawa da madubin bindiga don a gane ko mene ne. Duk abin da madubi ya kalla, bakin bindiga ma ya kalle shi, mai motsin nan kuwa yana iya zama yaro ne mai kiwo.

LISSAFIN ƘARSHE

Kuɗin bindiga ba ya ƙarewa a ranar saye. Akwai na sabunta lasin, da na harsashin koyo, da na mai da tsumman gogewa, da akwati mai kwaɗo inda yara ba za su kai ba, harsashi kuma a ajiye shi daban. Ma'aikacin da ya haɗa wannan lissafi, ya gwada shi da farashin zabo a kasuwar Yelwa, wataƙila ya ga cewa sha'awa ce kawai yake saye, ba nama ba. Wannan ba aibi ba ne, in dai ya san haka tun da fari. Kuma kafin ya shiga daji, ya kyautu ya nemi Sarkin Baka na garin ya gaishe shi, ya bi maharban wurin na ɗan lokaci hannu rabbana, domin su ne suka san inda burtali ya bi, da inda mata ke itace, da lokacin da dabbobi ke da ciki ba a taɓa su. Wannan ilmi ba a sayar da shi a kanti, kuma shi ne ke raba maharbi da mai riƙe da bindiga kawai.