Sulhu Bayan Takarda Ta Fita



A watan Janairun 2009, Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu a Kano, ta ce za ta fito da zawarawa kan titi su yi tattaki, kowa ya ga yawansu da idonsa. Ku kwatanta abin a ranku: mata cikin hijabi, goyo a baya, sun cika titi. Hukumar Hisba ta hana, tattakin bai yiwu ba. Amma magana zarar bunu ce. A 2012 gwamnatin jihar ta fara aurar da zawarawa, a 2023 kuma aka ɗaura wa mutum 1,800 da amarensu aure a lokaci guda. Madalla. Sai dai ni abin da ke damuna, ranar ɗaurin aure kowa yana nan, har da maroƙi. Ranar da takardar saki ta fita, layi biyu a fallen littafin ɗan makaranta, wa ke nan?

Yawancinmu idan aka ce sulhu, biko muke ji: mace ta yi yaji, a je a ba iyaye haƙuri, ta koma ɗakinta. Wannan tun daga Suratun Nisa'i aya ta 35 yake, inda aka ce a tashi mai sasantawa daga dangin miji, wani daga dangin mata. To amma idan igiyar ta riga ta tsinke fa? Nan ma akwai zama, kuma a ganina ya fi na farko amfani.

A zauren mai unguwa, ko ofishin Hisba, sai a zauna da waliyyai a bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ina za ta yi idda? Shari'a ta ce a gidan mijin. Kayan ɗaki nata ne, gado da katifa da kwanukan da uwarta ta tara. Yara fa? A mazhabar Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan uwar ta yi wani aure, kakar wajen uwa ce a gaba. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba. Suna wuyan uba, masu sauraro, ko da wa yaran ke zaune.

Alƙali zai iya yanke wannan duka, amma bayan an ɗaga zama sau da yawa, an tona asirin ɗaki a gaban jama'a, dangi biyu sun daina gaisawa. A zaman sulhu ana iya rubuta abin da ba a cika kawo wa kotu ba: kwano nawa na shinkafa a wata, wa zai ɗinka kayan sallah, gidan wa za su yi hutu. A sa hannu, shaidu su sa.

Hattara ɗaya: inda ake duka, "ki yi haƙuri" ba sulhu ba ne, kotu ake zuwa.

Na so mu taɓo hul'i da mayar da sadaki, amma ga mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.